Yadda Tsarin Rabon Filaye Ke Sauƙaƙa Sufuri a Birane: Misalin Kuritiba

Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya shiga sahun abubuwan da suka fi cinye albashin ma'aikaci da ribar ƙaramin ɗan kasuwa a biranen Nijeriya. Galibin muhawarar da ta biyo baya ta tsaya ne kan farashin lita, da sayo manyan motocin safa, da mayar da injuna masu aiki da iskar gas. A wurin masana tsara birane, akwai tambayar da ta riga waɗannan duka: me ya sa mutum yake kwana nesa da inda yake neman abincinsa? Amsar tana cikin yadda hukumomi ke yanka filaye, da abin da suke yarda a gina a kowane wuri.

Birnin Kuritiba, hedikwatar jihar Parana da ke kudancin Birazil, shi ne misalin da aka fi ambata a duniya idan ana batun ɗaure tsarin filaye da sufurin jama'a. Daga can aka samo tsarin motocin safa masu keɓaɓɓen titi da ake kira BRT, wanda Legas ta fara aiki da shi a 2008.

Alaƙar fili da zirga-zirga

Tsarin amfani da filaye shi ne ƙa'idojin da hukumar gari ke shimfiɗawa domin fayyace inda za a yi gidajen kwana, inda za a yi kasuwa ko masana'anta, yawan hawan da bene zai iya kaiwa, faɗin titi, da wuraren da ba za a taɓa ba kamar fadamu da hanyoyin ruwa. Sufuri mai ɗorewa kuwa shi ne wanda ke kai jama'a inda za su cikin sauƙin kuɗi da kwanciyar hankali, ba tare da ƙona mai fiye da kima ko gurɓata iska ba. Tafiya a ƙasa, hawan keke, motocin safa da jiragen ƙasa su ne ginshiƙansa.

Abubuwan biyu a sarƙe suke. Motar safa ba ta biyan kuɗin manta sai ta cika, kuma ba ta cika sai akwai jama'a da yawa da ke zaune ko ke aiki a tazarar da ƙafa za ta iya kaiwa daga tasha. Inda gari ya bazu da gidaje jefi-jefi, direba zai ci dogon zango kafin ya tara fasinjoji, don haka ko dai kuɗin mota ya yi tsada, ko motar ta daina zuwa, jama'a su koma kan babura da ƙananan motoci. Haka nan idan aka tattara ofisoshi da manyan kasuwanni a wuri guda, aka tura gidajen kwana bayan gari, kowa zai nufi hanya ɗaya da safe ya komo ta ita da yamma, motoci su tafi a cike su dawo fayau.

Batun ya wuce aljihun fasinja. Harkar sufuri ce ke fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hayaƙin da ke ɗumama yanayi wanda ake samu daga ƙona makamashi a duniya. Shi ya sa muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 suka sanya samar da sufuri mai araha da aminci ga kowa nan da 2030 a cikin muradi na 11, wanda ya shafi birane.

Kuritiba kafin sabuwar taswira

A 1960 mutanen Kuritiba ba su wuce kimanin 360,000 ba. Zuwa 1980 sun haura miliyan ɗaya. Shigowar injunan noma ta raba leburorin gona da aikinsu, sannan wani matsanancin sanyi da ya ƙone gonakin gahawa a arewacin jihar a 1975 ya ƙara koro mutanen karkara zuwa birni. Ƙidayar 2022 ta nuna birnin na da mutum kusan miliyan 1.8, ban da garuruwan da ke kewaye da shi.

Birnin yana da tsohuwar taswira ta 1943 wadda wani Bafaranshe masanin tsara birane, Alfred Agache, ya zana. Ta tanadi faffaɗan tituna da za su taso daga tsakiyar gari su watsu ko'ina, da wasu da za su zagaye shi. Aiwatar da ita gaba ɗaya yana bukatar rushe gine-gine masu yawa da biyan diyyar da baitulmalin gari ba zai ɗauka ba, don haka kaɗan aka yi daga ciki.

A 1964 magajin gari Ivo Arzua ya buɗe gasar zana sabuwar taswira. Kamfanin Serete tare da mai zanen gine-gine Jorge Wilheim na birnin Sao Paulo ne suka yi nasara, suka yi aikin da haɗin gwiwar matasan ƙwararru 'yan garin. A 1965 aka kafa hukumar bincike da tsara birni da ake kira IPPUC, a 1966 kuma majalisar gari ta mayar da taswirar doka. Kafa wannan hukuma ya yi tasiri ƙwarai, domin ta ci gaba da riƙe taswirar tana gyara ta, magadan gari suna zuwa suna wucewa. Har yau tana nan tana aiki.

Jigon sabuwar taswirar shi ne a hana gari faɗaɗa ta kowane gefe kamar ruwan da ya malala. Maimakon haka zai miƙe ne a kan wasu zaɓaɓɓun dogayen hanyoyi da suka ratsa ta gefen tsakiyar gari, kuma a kansu za a tara manyan gine-gine da shaguna da motocin haya.

Aiwatarwa ta kankama a 1971, lokacin da aka naɗa Jaime Lerner magajin gari yana da shekara 33, a zamanin mulkin soja. Mai zanen gine-gine ne da ya taɓa shugabantar IPPUC. Ya riƙe garin sau uku, ya kuma yi gwamnan Parana daga 1995 zuwa 2002. Ya rasu a 2021.

Matakinsa na farko da ya ja hankali shi ne hana motoci shiga wani sashe na babban titin kasuwa na tsakiyar gari, Rua XV de Novembro, a 1972. Masu shaguna sun ƙi, suna tsoron ciniki zai mutu. Ma'aikata suka fara aiki ranar Juma'a da dare suka kammala kashin farko cikin kwana uku, suka shimfiɗa duwatsu, suka sa fitilu da kujeru da furanni. Da ciniki ya ƙaru, 'yan kasuwar da ke gaba suka nemi a tsawaita aikin ya kai ƙofar shagunansu.

Tituna uku da dokar gini

Kowace daga cikin manyan hanyoyin ta ƙunshi tituna uku da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. A titin tsakiya an keɓe hannu biyu ga motocin safa kaɗai, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, sai ƙananan hannuwa a gefe domin masu tafiya a hankali da masu tsayawa a shaguna. A tazarar layin gidaje ɗaya daga dama da hagu akwai tituna biyu masu hannu ɗaya domin sauran motoci, ɗaya ya nufi cikin gari, ɗaya ya nufi waje. Hikimar ita ce an yi amfani da titunan da ke akwai, aka raba musu aiki, don haka ba a bukaci gagarumin rusau ba.

Motocin farko sun fara bin keɓaɓɓen titin arewa zuwa kudu a 1974. Sannu a hankali hanyoyin suka kai biyar: arewa, kudu, gabas, yamma, da ta unguwar Boqueirao a kudu maso gabas. A 2009 aka ƙara ta shida a kan wata tsohuwar babbar hanyar tarayya da ta ratsa gari.

Dokar gini ta 1975 ita ce ta ba wa hanyoyin fasinjoji. Ta ba mai fili a tsakanin titunan uku damar gina bene wanda jimillar faɗin ɗakunansa za ta kai har ninki shida na faɗin filin, adadin da aka rage daga baya. Ta kuma sharɗanta cewa hawan ƙasa na benayen da ke fuskantar titin motocin safa ya zama na shaguna da ofisoshi, da rumfa a gabansu da masu tafiya a ƙasa za su fake. Iya nisan fili daga hanyar, iya raguwar tsayin ginin da aka yarda a yi a kai, har a kai unguwannin ƙananan gidaje. Wanda ya kalli birnin daga sama zai ga jerin dogayen benaye sun miƙe kamar katanga, ya gane inda motocin ke bi ko da bai ga titin ba.

Amfanin wannan haɗi shi ne fasinjoji suna hawa suna sauka a duk tsawon hanya, a kowane lokaci na yini, domin wuraren aiki da na kwana a gauraye suke. Motar da ta sauke mutum goma a tasha takan ɗauki wasu a nan take.

Motoci da tashoshi

An gina tsarin motocin ne hawa-hawa, gwargwadon ƙarfin aljihun gari. A 1979 aka fara motocin da ke zagayawa tsakanin unguwanni ba tare da sun shiga tsakiyar gari ba. A 1980 aka haɗe layukan duka a ƙarƙashin kuɗin mota ɗaya: fasinja zai biya sau ɗaya, ya sauya mota a cikin babbar tasha ba tare da ya sake biya ba. Mai gajeren zango yana tallafa wa mai dogon zango ke nan, kuma mai dogon zango galibi talaka ne da ke zaune bayan gari.

Launin mota yana bayyana aikinta. Jajaye su ne manyan da ke bin keɓaɓɓen titi, masu ruwan lemo suna kwaso mutane daga cikin unguwanni zuwa manyan tashoshi, koraye suna zagaye tsakanin unguwanni, masu ruwan azurfa kuwa ba sa tsayawa sai a tashoshi ƙalilan.

A 1991 aka ɓullo da tashoshin gilashi masu siffar ƙaton bututu. Fasinja yana biya ne a bakin ƙofa kafin mota ta iso, kuma daɓen tashar daidai yake da na motar, don haka babu hawan matakala, babu jiran canji. Masu keken guragu suna da na'urar ɗaga su zuwa ciki. A 1992 aka kawo dogayen motoci masu gaɓa biyu da ke ɗaukar mutum 270. Da waɗannan dabaru motar safa ta riƙa aiki kusan irin na jirgin ƙasa, a kan kuɗin da bai kai nasa ba ko kusa.

Motocin na kamfanoni masu zaman kansu ne, amma hukumar gari mai suna URBS ce ke tsara layuka da lokuta da kuɗin mota. A ƙarshen shekarun 1980 aka koma biyan kamfanonin bisa yawan kilomitar da motocinsu suka yi, abin da ya kawar da rige-rigen fasinja a kan titi da guje wa unguwannin da ba su da riba.

Sauran dabarun fili

A 1973 aka ware wani makeken yanki a yammacin birni domin masana'antu, aka haɗa shi da layukan mota, aka kuma gina gidajen ma'aikata a kusa. Fadamun da ke bakin koguna, waɗanda ambaliya ke cinyewa duk damina, an mayar da su wuraren shaƙatawa masu tafkuna, irin su Barigui da aka buɗe a 1972. Tafkunan suna riƙe ruwan sama, filin kuma ya tsira daga masu gini a hanyar ruwa.

Akwai kuma dokar da ta ba mai tsohon gini na tarihi damar sayar da haƙƙin ƙarin hawan da aka hana shi ga wani mai fili a inda ake son benaye. Daga baya aka ba magina damar sayen ƙarin hawa daga hukuma, kuɗin ya tafi asusun gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Daga 1995 kuma aka fara gina cibiyoyin hidimar jama'a a jikin manyan tashoshi, inda mutum zai biya kuɗin ruwa da wuta, ya karɓi takardun hukuma, ya yi cefane, ba sai ya shiga tsakiyar gari ba. Tafiyar da aka hutar da mutum yi ita ce mafi arahar sufuri.

Inda tsarin ya gaza

Masu nazari sun nuna rauni a wurare da dama. Filayen da ke kan manyan hanyoyin sun yi tsada, har benayen suka zama na masu hali, waɗanda yawancinsu ke da motocin kansu. Talakawan da suka fi bukatar motar haya sun koma gefen gari da garuruwan maƙwabta, inda dokokin Kuritiba ba su da iko. Sakamakon haka motoci kan iso daga ƙarshen layi a cike maƙil a lokutan tafiya aiki da tashi.

Kuritiba tana cikin manyan biranen Birazil da suka fi yawan motocin gida idan aka kwatanta da yawan jama'a, kuma adadin masu hawa motocin safa ya ragu a shekarun baya-bayan nan. An daɗe ana shirin gina jirgin ƙarƙashin ƙasa, bai tabbata ba. Wasu kuma suna tunatar da cewa an ɗauki manyan matakan farko ne a zamanin da ba a zaɓen magajin gari, don haka saurin da aka yi ba lallai ya yiwu a inda dole a saurari kowa ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne tara gine-gine a bakin hanya bai isa ba sai an ware wa masu ƙaramin ƙarfi rabonsu tun kafin farashin fili ya tashi, sannan taswira ta haɗa da garuruwan kewaye.

Birazil ta mayar da darasin doka. Kundin tsarin mulkinta na 1988 ya wajabta wa duk garin da ya haura mutum 20,000 mallakar babbar taswira, dokar birane ta 2001 ta fayyace yadda za a yi, wata dokar ta 2012 kuma ta bukaci garuruwan su tsara shirin zirga-zirga da zai dace da taswirar.

Daga Kuritiba zuwa Legas

Bogota, babban birnin Kolambiya, ya buɗe nasa tsarin mai suna TransMilenio a watan Disamban 2000. Jakarta ta biyo baya a 2004, birnin Meziko a 2005, Santambul a 2007, Johannesbag a 2009, Darussalam ta Tanzaniya a 2016, Dakar kuma ta fara nata da motoci masu aiki da lantarki a 2024. Birane da yawa sun kwaikwayi titin da motocin, kaɗan ne suka ɗauki dokar ginin da ke tare da su.

A Nijeriya, hukumar sufurin yankin Legas, LAMATA, wadda aka kafa da dokar 2002 tare da tallafin Bankin Duniya, ta buɗe layin farko a watan Maris na 2008, mai tsawon kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS. An tsawaita shi zuwa Ikorodu a 2015, aka buɗe na Oshodi zuwa Abule Egba a 2020. Bambancin shi ne Legas ta shimfiɗa layukanta a garin da ya riga ya cika, saboda haka fasinjoji ba su yi ƙaranci ba, fili ne ya yi.

Abuja kuwa kishiyar haka ce. Babbar taswirarta ta 1979 ta tanadi keɓaɓɓun hanyoyin sufurin jama'a da za su ratsa tsakiyar gundumomi, amma titunan ƙananan motoci aka fara ginawa. Tsadar gidaje a cikin birni ta tura ɗimbin ma'aikata zuwa Kubwa, Nyanya, Lugbe da Gwagwalada, da Mararaba a jihar Nasarawa, da Suleja a jihar Neja. Cunkoson da ake gani kullum a hanyar Nyanya zuwa Mararaba ya samo asali ne daga wannan rabo na wurin kwana da wurin aiki. Jirgin ƙasan cikin birni da aka ƙaddamar a watan Yulin 2018 ya tsaya a 2020, kuma kafin a dawo da shi a watan Mayun 2024 sai da aka gina titunan da za su kai mutane wasu tashoshinsa, domin suna nesa da unguwanni.

Wa ke da iko a Nijeriya?

Dokar amfani da filaye ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, na karkara kuma ƙananan hukumomi ne ke ba da izinin mallakarsu bisa al'ada. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi hukumomin tsare-tsare a matakin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, sai dai a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da jihar Legas ta shigar, ta yanke hukuncin cewa tsara birane hurumin jihohi ne, ban da Babban Birnin Tarayya. Kundin tsarin mulki na 1999 kuma ya sanya kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da titunan cikin unguwa cikin ayyukan ƙananan hukumomi 774.

Ma'anar wannan ita ce yawancin makaman da Kuritiba ta yi aiki da su suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi, kuma da damansu ba sa bukatar rancen ƙasashen waje. Duk lokacin da za a yanka sabbin fulotai a bayan gari, ana iya ware faɗin hanyar da motocin safa za su bi nan gaba, a kuma kare ta daga masu cin iyaka. Ana iya ba da izinin benaye da shaguna a bakin wannan hanya, a kafa kasuwa da asibiti da makaranta kusa da tasha, a ware wani kaso na fulotan da ke kusa ga masu ƙaramin ƙarfi, a tilasta barin gefen titi domin masu tafiya a ƙasa tare da itatuwan inuwa.

Lokaci ne ke raba mai araha da mai tsada. Ware hanya a filin da ba a gina ba aikin safiyo ne da turaku, amma buɗe ta bayan an yi gidaje yana nufin rusau da diyya da shari'a. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Kuritiba ta zana hanyoyinta a 1966, shekara takwas kafin motar farko ta bi ta kansu, lokacin da yawancin filayen da ke gefensu ba su cika da gine-gine ba.